Askarin Ranar Sallah

Bana aikin hajji ya sake faɗowa a tsakiyar zafi, irin zafin da idan ka taɓa ƙarfen ƙofa da rana sai ka yi salati. Masu lissafi sun ce duk shekara talatin da 'yan kai watan yakan zagayo ya dawo inda ya taso. Ni ban iya wannan lissafi ba, amma jikina ya shaida. Tun da iskar samum mai zafin nan ta fara busowa a Ka'akiyya, unguwar da muke zaune yanzu a Makka, nake jin warin kakin da na sa wata rana a Jarwal.

'Yata Nawal ce ta tono zancen. Ita fa Allah ya jarabce ta da son masrah, wato wasan kwaikwayo na kan dandamali. Tun da aka buɗe wuraren nan a Jidda da Ɗa'ifa ba ta zauna ba. Bana ma ishtirak ta yi, ta biya kuɗin wasa shida a haɗe ta waya, kujera biyu, tata da tawa, ba ta ko tambaye ni ba. Na bi ta sau biyu. Wuri ne mai sanyi har sai na yafa mayafi biyu, kujeru jajaye masu lamba, mata a kan dandamali suna ɗaga murya, maza na tafa musu. Na yi dariya, ba zan yi ƙarya ba. Muna hanyar dawowa a karo na biyu sai ta juyo ta ce, "Ummi, wai da gaske ke ma 'yar wasa ce a da? Wata tsohuwa ta ce a duk Jarwal ba wadda ta kai ki."

Na ce mata tsofaffi ba sa rasa abin faɗa. Ta yi dariya ta ƙyale ni. Amma gaskiya tsohuwar ta faɗa, kuma kunyar abin ce ta hana ni amsawa.

A Jarwal aka haife ni, wata tsohuwar unguwa a Makka, iyayena Kanawa ne da suka zo hajji suka zauna. Gidan da na yi aure bene ne mai hawa uku a kan tsauni, ɗaki goma sha ɗaya, duk Takari, wasu 'yan Kano, wasu Sakkwatawa, wasu daga Nijar. Mota ba ta zuwa ƙofarmu, sai dai ka hau matakala ta dutse mai tsawo. An rushe wurin tuni, otal ne a kai yanzu.

Duk shekara ranar takwas ga watan hajji maza suke watsewa. Wannan ya tafi Mina aikin tanti, wancan tura keken tsofaffi, wancan yanka. Unguwa ta koma ta mata da yara zalla har kwana huɗu ko biyar. Matan Makka na dā suna da wasansu na waɗannan kwanaki, Gais suke ce masa, su sa kayan maza su zaga gari suna tsokanar duk namijin da ya zauna bai fita ba. Kafin in yi wayo Larabawa sun bar shi. Mu ne muka riƙe ɗan guntunsa, a cikin gida, ƙofa a kulle, kullum bayan la'asar. Tsakar gida ce dandamalinmu, igiyar shanya da zanen gado su ne labule.

Goggo Dije ce mai wasan, tsohuwa mai ƙatuwar murya, matar mai gidan. Ita ma tana da nata ishtirak ɗin. Tun watan ƙaramar salla kowane ɗaki yake kai mata gari ko sukari ko man shanu, a yi ma'amul, wato alkakin dabino na Makka. Wadda ta kai, tabarmarta tana da wuri har wasa ya ƙare. Dokokinta biyu ne: kowace mace mijinta za ta kwaikwaya, ba na wata ba, kuma abin da aka yi a tsakar gida ba ya isa kunnen namiji.

Ni ce 'yar gaban goshinta. Maigidana gadin wani gini yake yi, yana da kaki da bel da manyan takalma, yakan bar su a gida idan ya tafi Mina. Da su nake zama askari. Larabcina na 'yan gari ne, kuma Allah ya ba ni maƙogwaro; idan na kumbura murya na daka tsawa, yara har fitsari suke yi. Ina jin daɗin abin ƙwarai, ina kuma taƙama da shi.

Shekarar da nake ba da labari ba a samu alhazai da yawa daga gida ba. Ɗakunan da ake ba su haya suka zauna wayam, masu sayar da abinci a bakin hanya suka yi ta dawowa da tukwane. Sannan ga zafi. Bangon ɗaki da asuba ma ɗumi ne. Wuta tana ɗaukewa da azahar, injin sanyin da ke ɗakin Goggo, shi kaɗai a gidan, ya yi shiru, kowa ta koma mafici. Man shanu ya narke a kwalba ya zama ruwa. Nawal tana da wata biyu a lokacin, ƙurajen zafi sun feso mata daga wuya har gadon baya, ba ta barci, ba ta barin kowa ya yi.

Abin da ya fi komai ciwo shi ne ruwa. Famfo ya daɗe da ƙafewa, sai wayit, motar ruwa, ita ma da kwanakin hajji suka matso duk aka karkata su Mina. Guda ɗaya muke samu bayan kwana biyu, ta tsaya can gindin tsauni. Sai mu jeru a kan matakala tun daga ƙasa har ƙofar gida, bokiti yana bi hannu hannu, dutse yana ƙona ƙafa ta cikin silifa. Idan aka gama sai a raba bisa yawan kawunan da ke kowane ɗaki. Ruwan da aka wanke shinkafa da shi ake wanke kwano, na kwano a zuba a bayi. Goggo Dije ta ce bana ba gari ba sukari, ishtirak ɗin kowa rabin bokiti ne kullum, a yayyafa wa tsakar gida kafin a shimfiɗa tabarmi, saura a sha.

Ni ba a sa ni a layi ba saboda jego. Yaya Habi ce take tsaya mini. Ita da mijinta Malam Isufu mutanen Maraɗi ne, a hawa na uku suke, daidai saman ɗakina, da 'yan matansu biyu. Ta girme ni da kusan shekara goma, mace ce marar hayaniya. Ta gama nata wurin ta koma nawa, ta hawo mini da rabona har bakin gado. Ita ta yi mini wankan jego da uwata ta kasa hawa tsaunin. Malam Isufu kuwa mahauci ne, duk shekara yana cikin masu yanka a Mina, mutum mai kunya, idan ya haɗu da mace a matakala sai ya juya wa bango fuska har ta wuce.

Ranar takwas maza suka fita da sassafe, kowa da ƙullinsa. Ban ga fitar Malam Isufu ba, ban kuma damu ba. Da la'asar muka yi wasan farko, na sallama: kowace ta fito a rigar mijinta tana kwaikwayon yadda yake barin sallahu, wanda yake ƙirga ƙwayar albasa kafin ya tafi, wanda yake dawowa sau uku don ya manta carbi. Muka yi dariya har cikinmu ya ƙulle. Yaya Habi ba ta fito ba. Ta ce kayan Malam duk sun yi datti, ba ruwan wanki. Ta zauna a tabarmarta da Nawal a cinya tana yi mata fifita.

Ranar Arfa kowa da azumi. Ban taɓa jin ƙishi irin na ranar ba, ga shayarwa. Goggo ta ce in sha, na ƙi don kada a ce na gaza. Da hantsi wayit ta zo. Ina zaune a bakin ƙofata ina kallon rabo, sai na ga Yaya Habi ta ɗauki nata, na mutum uku, ta hau, ta sauko, ta je ta yi wa Goggo raɗa, ta sake ɗaukar bokiti guda cikakke. Ni kuwa rabona ya ƙare tun jiya a wankin tsummokaran jaririya. Na bi bokitin da ido har ta haye da shi.

Da rana ta yi sanyi muka sauka Harami kamar yadda matan Makka suke yi duk ranar Arfa. Masallaci fayau, ba turereniya, har ka taɓa Ka'aba ka tsaya ka yi addu'arka a natse. Muka sha ruwa da zamzam da ma'amul, kowace ta cika jarka ta ɗoro a ka. Yaya Habi ba ta zo ba, wai kanta na ciwo. Da muka dawo, ina shimfiɗa Nawal, sai na ji tari daga sama. Tarin namiji ne, gajere, an danne shi da hannu.

Nan take na haɗa komai: rigar da ba ta fito ba, bokitin, ciwon kan. Malam Isufu yana gida. Abin da ban tsaya na tambayi kaina ba shi ne, me zai sa mahauci ya zauna a ɗaki a kwanakin da yake samun abincin rabin shekara. Kuma ba wai ban taɓa jin komai ba. Na ji maigidana yana cewa Balaraben da yake tsaya wa Malam Isufu a takarda, kafil ɗinsa, ya rasu tun kafin azumi, magada kuma ba su waiwaye shi ba. Na ji, ya bi ta bayan kunnena. Duk wanda ya zauna a Makka ya san mutumin da ikamarsa, wato takardar zamansa, ta mutu ba ya tunkarar shingen hanyar Mina. Na san wannan sarai. Amma a ranar bokiti kawai nake gani.

Wasan ranar Salla shi ne babba, shari'ar wanda ya zauna. Goggo Dije ce alƙali, da rawanin mijinta. Wata takan manna gemun auduga ta ɓuya a bayan randa, ni askari in kamo ta, a yi mata waƙar shaƙiyanci, a yanke mata hukuncin daka. Duk shekara haka ne, har mun haddace.

Na sa kaki. Yana warin zufar maigida da sabulun da bai fita ba, ya manne mini a jiki tun kafin in ɗaura bel. Na cusa tsumma a takalman don su zauna. Goggo ta aiki Yaya Habi ɗakinta na ƙasa ta dama kunun tsamiya na masu kallo. Ina ganin ta shige, sai na yafuto mata huɗu, sa'o'ina, na ce, "Bana ba gemun auduga. Ina da na gaske a sama."

Ɗaya ta ce, "Rakiya, mijin wata ne fa. Goggo za ta yi faɗa."

Na ce, "Faɗan me? Sai ta fi kowa dariya. Ku dai ku cire takalma, kada wadda ta yi ko tari. Ku bar ganga a nan."

Suka biyo ni a sanɗa suna toshe baki. Ni kaɗai nake taka bene da ƙarfi, ƙwas, ƙwas, yadda na ga suna yi. A raina ina cewa wasa ne, za mu sauko da shi, ya rufe fuska, a yi dariya, shi ke nan. Amma can ƙasa ina so gidan duka ya ga inda bokitin nan yake zuwa. Wannan ne ban taɓa gaya wa kowa ba.

Na isa ƙofar, na dunƙule hannu na buga sau uku, na kumburo muryar nan da ake yaba mini.

"Iftah il-bab! Taftish! Fen il-ikama?" Wato a buɗe, bincike ne, ina takardar zama.

Ba wanda ya ce in ambaci ikama. Ba ta cikin wasanmu. Bakina ne ya kawo ta, don ita ce kalmar da na san tana kaɗa hanjin kowa.

Ba a buɗe ba. Na sake bugawa, har da ƙafa. Sai muka ji ƙarar katakon taga, sai wani sautin kamar an yar da buhun shinkafa daga sama. Bayansa ba kuka ba ihu, sai wani nishi mai tsawo daga lungun bayan gida.

Rufin maƙwabta ya so ya tsallaka. Tsakaninsu bai fi taku biyu ba, matashi zai iya. Shi kuwa ya haura hamsin, ya kwana uku a ɗaki kamar tanda, ya yi wata huɗu yana jiran wannan bugun ƙofar.

Matan da ke bayana suka ruga ƙasa suna salati. Ni ban bi su ba. Ɗakina na faɗa, na fizge bel, na tuɓe kakin, na tura shi da takalman ƙarƙashin gado, na zura abaya. Mutum yana kwance a kan dutse, ni abin da ya fara zo mini ke nan. Sannan na suri jarkar zamzam na bi ta ƙaramar ƙofar baya, wadda ta fi kusa, shi ya sa duk da haka na riga kowa isa.

Yana kwance a gicciye, ƙafa ɗaya ta juya inda ƙafa ba ta juyawa. Dutsen yana da zafin da ba a iya dafa shi da tafin hannu. Na tallafi kansa na zuba masa ruwa a baki da fuska. Ya buɗe ido ya ce, "Sun tafi?"

Na ce, "Sun tafi, Malam."

Muka ɗauke shi a zanen gadon da muka yi labule da shi, mu takwas, muka kai shi ɗakin Goggo. Yaya Habi ba ta yi kuka ba. Ta gyara masa matashi, ta fito tsakar gida inda muka yi cirko-cirko, tabarmi a shimfiɗe, kunu yana hucewa a ƙwarya. Ta dube mu ɗaya bayan ɗaya, ta yi magana ƙasa-ƙasa don kada ya ji.

"Askarawa ne sunka zo. Sun buga, ba su samu kowa ba, sun tafi. Kowa ta ji?"

Kowa ta ce ta ji. Na matsa kusa da ita, na ce, "Yaya Habi, wallahi ni…"

Ta ɗaga hannu. "Ba don ke ba, Rakiya. Mutumin ga ya rasa ƙafa, zai rasa Makka. Ba ni bari ya san mace ya guje ma."

Daga nan ba ta sake yi mini maganar ba, har yau da nake wannan rubutu. Washegari wayit ta zo, ta shiga layi, ta tsaya a wurinta ta tsaya a nawa, ta hawo mini da ruwana ta ajiye a bakin ƙofa. Da ta zage ni da na fi samun sauƙi. Na zauna ina kallon bokitin, na kasa taɓa shi sai da kukan Nawal ya tilasta mini.

Kwana biyu muna jinyarsa da abin da muke da shi. Aka samo wata tsohuwa mai ɗori daga wata unguwa, ta shafa ta girgiza kai, ta ce ƙugu ne, ya fi ƙarfinta. Zazzaɓi ya rufe shi. Muka haɗa ruwan ishtirak duka muna jiƙa tawul muna shimfiɗa masa, kafin a juya ya bushe. Ba a sake ɗaura labule ba a shekarar, kuma ban sake ganin an ɗaura shi a gidan ba.

Ranar sha uku maza suka dawo, baƙi wuluk, fatar hanci tana saɓulewa. Aka ba su labarin askarawa, suka yi ta jinjina, wasu suna cewa ai dama an ce bana za a tsananta. Maigidana har ya tambaye ni ko na ga fuskokinsu. Na ce ina ɗaki ina shayarwa. Suka zauna suka yi shawara, ba wanda bai san abin da asibiti yake nufi ga marar takarda ba, amma barinsa a gida kisa ne. Haka kuwa aka yi: daga asibitin nan bai sake taka Jarwal ba. Da ya fara dogara sanda hukuma ta mayar da shi Nijar, Yaya Habi da 'yan matan suka bi shi bayan wata biyu. Shekara ashirin da ɗaya ya yi a Makka, ya sha faɗa cewa burinsa a binne shi a nan.

Ranar da za a kai shi asibiti, da hantsi suka fito da shi, a kan makarar katako irin wadda ake ɗaukar tsofaffi a yi musu ɗawafi. Maza huɗu suka saɓa. Mata muka tsaya a bakin zaure, ni ina can baya da Nawal a kafaɗa, ina addu'ar su wuce da sauri. Sai ya ɗaga yatsa ya ce su dakata.

"Ina Ummu Nawal?"

Aka dare aka bar ni a fili. Mutumin da bai taɓa kallon fuskata ba ya juyo da kai ya dube ni sosai, idonsa ya faɗa, leɓensa ya tsage.

Ya ce wa maigidana, "Ka riƙe matar ga da kyau. Ran da abin ya faru, kowa ya tsorata, ita ta riga kowa zuwa gare ni. Ba ta ji tsoron askarawa ba. Ita ta ba ni ruwa." Ya numfasa. "Ɗiyata, ba ni da abin ba ki. Allah shi saka miki da irin abin da kika yi mini, ke da zuri'arki."

Maza suka amsa da ƙarfi. Maigidana yana murmushi, yana jin daɗi an yabi matarsa. Yaya Habi tana tsaye a gefen makarar, riƙe da ledar kayansa, idonta a kaina, ba ta ƙifta ba. Malam Isufu bai kawar da kai ba, jira yake in amsa.

Na rungume 'yata, na ce amin.